Manhajar bibiyar hawan jini da ciwon suga: inda ta iya da inda take tuntuɓe

Manhajar da wani asibiti mai zaman kansa a nan Kaduna ya ɗora masu hawan jini da ciwon suga a kanta ta cancanci a gwada ta, amma ba kowace jar alama da ta nuna ba ce abin gaskatawa, haka ma koriyar.

A ɓangaren hawan jini ba ta da makusa. Nas ta auna, ta shigar a kwamfuta, nan take awon ya bayyana a wayar majiyyaci, a jere da na watannin baya. Da zarar ya kai 140 bisa 90 sai ya fito ja. Mai shan maganin hawan jini na amlodipine yana gani da idonsa yadda layin ya yi sama a makon da magani ya ƙare masa, ba sai likita ya yi ta wa'azi ba. Katin asibiti bai taɓa yin wannan ba.

A wajen suga ne gizo ke saƙar. Na'urar awon da ake saya a kemis galibi tana ƙidaya suga da ma'aunin mg/dL, ɗakunan gwaji da yawa kuwa mmol/L suke rubutawa, kuma tsakaninsu ninki 18 ne: 126 a wancan shi ne 7.0 a wannan. Manhajar gurbi ɗaya ta bayar, ba ta tambayar ma'auni. Wanda ya kwafi 7.2 daga takardar gwaji sai ta nuna masa suga ya faɗi warwas, abin da zai iya sa shi ya sha lemon kwalba ko ya ajiye maganin sugansa na metformin. Ba ta kuma tambayar lokacin awo. Alhali 160 mg/dL bayan awa biyu da cin tuwo ba abin tashin hankali ba ne, amma 160 da asuba kafin a karya kumallo ya haura 130 da ake so kada a wuce.

Sai gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Duk abin da ya gaza kashi 7 cikin ɗari kore take ba shi. To amma jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa kai kwana 120 da aka saba, don haka sakamakonsa kan fito ƙasa da gaskiya. Haka ma wanda bai daɗe da karɓar ƙarin jini ba. A gari irin Kaduna, rashin gurbin rubuta SS ko AS ba ƙaramin giɓi ba ne.

Rajista da lambar waya ake yi, kuma lamba ɗaya mutum ɗaya. A gidan da maigida da uwargida ke amfani da waya guda, lambar sirrin shiga tana zuwa ga mai riƙe da wayar, ya ga sakamakon da ba nasa ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, saboda haka wannan gyara ne na dole.

Tana karɓar awo ko babu intanet, sai dai ranar da data ta dawo take liƙa masa, ba ranar da aka auna ba. Awon mako guda kan taru a rana ɗaya. Kafin masu manhajar su gyara, a riƙa rubuta rana, lokaci da ma'auni a gurbin ƙarin bayani, a nuna wa likita ranar zuwa asibiti.