Goldman ko Cabrel: wane ne babba, kuma wa za ka fara saurara?

Malam, ka tambaya a zaure ko gaskiya ne wani Bafaranshe mai suna Jean-Jacques Goldman ne ya rubuta wa Khaled, mawaƙin Aljeriya, waƙar "Aïcha", kuma tsakaninsa da Francis Cabrel, wanda abokanka na Yamai ba sa gajiya da kunnawa, wane ne babba, wa kuma ya fi dacewa da mai koyon Faransanci. Maganar "Aïcha" gaskiya ce. Goldman ne ya yi kiɗan da baitocin Faransanci, Khaled ya ƙara na Larabci, ta fito a 1996. Ragowar tambayar ce take son a gyara zama.

Kusan sa'o'in juna ne. An haifi Goldman a Paris ranar 11 ga Oktoba 1951, Cabrel kuma a Agen, kudu maso yammacin Faransa, ranar 23 ga Nuwamba 1953. Dukansu jinin baƙi ne. Mahaifin Goldman Bayahude ne daga Lublin ta Poland, yana cikin waɗanda suka yi wa 'yan Nazi turjiya lokacin da suka mamaye Faransa, mahaifiyarsa kuma daga Jamus ta zo. Dangin Cabrel daga yankin Friuli na Italiya suka yi hijira, shi kuma ya tashi a Astaffort, ɗan ƙaramin gari kusa da Agen. Har da shago sun haɗa: iyayen Goldman suna da shagon kayan wasanni a Montrouge, a gefen Paris, inda ya yi tsaron kanti bayan ya gama karatun kasuwanci a Lille, Cabrel kuwa a shagon takalma ya yi aiki kafin ya ci gasar waƙa ta gidan rediyon Sud Radio a Toulouse a 1974, da "Petite Marie" wadda ya yi wa Mariette, matar da ya aura. Kamanninsu a nan ya tsaya.

Goldman tela ne. Yakan kalli mutum, ya auna muryarsa da tarihinsa, ya ɗinka masa waƙar da idan ya sa ta sai ka rantse da ita aka haife shi. Shi ya sa ka yi shekaru kana jin "Aïcha" ba ka taɓa zargin akwai hannun wani ɗan Paris a ciki ba. Ya rubuta wa shahararren mawaƙin Faransa Johnny Hallyday kundi guda sukutum, "Gang", a 1986. A 1995 ya yi wa Céline Dion ta Kanada kundin "D'eux", wanda har yau babu kundin waƙoƙin Faransanci da ya kai shi ciniki a duniya, a cikinsa ne "Pour que tu m'aimes encore" take. Wani lokacin ma ɓoye sunansa yake yi: waƙar da ya ba Patricia Kaas a 1993, da sunan Sam Brewski ya sa mata hannu.

Nasa na kansa ma ba ƙanana ba ne. Ya fara da ƙungiyar Taï Phong a tsakiyar shekarun 1970 yana waƙa da Turancin Ingilishi, sai a 1981 "Il suffira d'un signe" ta fito da shi. Daga nan har ƙarshen shekarun 1980 duk abin da ya saki sai ya karɓu. Masu sharhi a jaridun Paris sun raina shi, sun yi ta yi wa siririyar muryarsa ba'a, har a 1985 ya sayi shafi a jarida ya jera sukan da aka yi masa, a ƙasa ya yi wa masu zuwa kallonsa godiya. Idan kana son ka ji inda zuciyarsa take, nemi "Comme toi" ta 1982. Uba ne yake kallon 'yarsa tana barci, yana ba ta labarin wata yarinya mai suna Sarah a birnin Warsaw, ba ta cika shekara takwas ba, tana son abin da yara suke so, sai wasu mutane suka yanke mata wata ƙaddarar dabam. Bai ambaci sansanin kisa na 'yan Nazi ba ko sau ɗaya. Gogen Turawa ne yake ƙarasa abin da baki bai faɗa ba, kuma a dandamali shi da kansa yake goga shi.

Cabrel bai damu da muryar kowa ba sai tasa. Jita, karin harshen mutanen kudu da ya ƙi gyarawa don Paris, da haƙuri. Duba tazarar kundayensa a lokacin da yake kan ganiyarsa: "Sarbacane" 1989, "Samedi soir sur la Terre" 1994, "Hors-saison" 1999, "Les Beaux Dégâts" 2004. Shekara biyar-biyar, mutum yana zaune a garinsu yana sassaƙa baiti. Waƙoƙin Bob Dylan, mawaƙin Amurka, ne suka ja shi cikin harkar tun yana saurayi, kuma a 2012 ya biya bashin da kundi guda na waƙoƙin Dylan da ya mayar Faransanci.

Abokanka na Yamai na san wadda suke kunnawa: "Je l'aime à mourir" ta 1979, wadda ta tsallaka zuwa Sifaniyanci, har Shakira ta sake rera ta a 2011. Waƙa ce mai kyau, amma ta ja masa sunan mawaƙin soyayya kawai, kuma wannan rage masa daraja ne. Saurari "La Corrida", wadda ta buɗe kundin 1994. Bijimin da ake shirin kashewa a filin wasan Sifaniya ne yake magana. Yana tsaye a ɗaki mai duhu yana jin shewar mutane daga waje, aka buɗe ƙofa ya fito cikin haske, ya waiga neman hanyar komawa ya tarar an rufe. Da farko yana ganin ɗan kwalliyar da ke rawa a gabansa abin dariya ne, zai ture shi ya wuce. Sannu a hankali ya gane ba fita zai yi ba, yana ta tambaya ko duniyar nan da gaske take yi. A ƙarshe muryar Nicolas Reyes na ƙungiyar mawaƙa ta Gipsy Kings ta shigo da Sifaniyanci. Mutumin kudu ne ya yi wannan waƙa, a yankin da wasan bijimi yake da magoya baya. Yana da "Saïd et Mohamed" a kan baƙin haure da wariya tun 1983, da "African Tour" a 2008 a kan matashin Afirka da ya kama hanyar Turai.

Ta fuskar hidimar jama'a ma halinsu ya fito. Lokacin da ɗan barkwanci Coluche ya kafa Restos du Cœur a 1985 don ciyar da marasa ƙarfi, Goldman ne ya rubuta musu waƙarsu, ya kuma ja ragamar taron mawaƙan Les Enfoirés da ke tara musu kuɗi har 2016. Cabrel ya sha shiga taron, amma nasa aikin a gida yake: ya yi kansila a Astaffort daga 1989 zuwa 2004, kuma tun 1994 matasa masu koyon rubuta waƙa suke taruwa a garin ana horar da su.

To wane ne babba? Idan da yawan mutanen da waƙar mutum ta shiga bakinsu ake aunawa, Goldman ne, babu ja. Ya daina fitar da kundin sabbin waƙoƙi tun "Chansons pour les pieds" a 2001, ya yi rangadinsa na ƙarshe a 2002, ba ya yawan hira da 'yan jarida, amma sau da yawa shi yake zuwa na ɗaya a ƙuri'ar jaridar Journal du Dimanche ta mutumin da Faransawa suka fi so. Idan kuma da nauyin baiti ake aunawa, ni Cabrel nake ba wa. Goldman yakan rubuta amshi da nufin dubban mutane su ɗauka tare tun jin farko, wani lokacin har baitin ya yi sauƙi fiye da kima. Baitin Cabrel sai ka koma masa.

Game da koyon harshe kuwa, fara da Cabrel. A hankali yake waƙa, kuma karin kudu yana furta gaɓoɓin ƙarshen kalma da mutanen Paris suke haɗiyewa, don haka kunnenka zai kama kowace kalma. Sai dai ka ajiye ƙamus kusa, domin yana son zurfafa magana. Kalmomin Goldman sun fi sauƙi, na yau da kullum ne, amma yana gudu kuma muryar tana hawa sama, sai kunne ya saba. Hanya mafi sauƙi zuwa gare shi ita ce ta bakin Céline Dion a "D'eux", inda kowane harafi yake fita sarai, ko ka koma kan "Aïcha" ɗin da ka riga ka haddace kiɗanta, wannan karon ka tsaya a baitin da Aisha take mayar wa mai neman nata amsa, ta ce ya riƙe dukiyarsa, ita 'yanci da mutunci take so.