Masu niƙa rassan zaitun su kai tashar wuta: yadda muka kwashe da su bana a Jaén

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da muke fama tare a gonakin kudancin Sifaniya. Tun watan Afrilu nake son rubuta wannan, aiki bai barni ba sai yau. Magana ce akan wasu masu kwangila da maigidana ya ɗauka bana su kwashe mana rassan zaitun da muka sare, su niƙa su da inji su kai tashar da ake ƙona su ana yin wutar lantarki. Bazan faɗi sunan kamfanin ba saboda akwai inda zan yabe su akwai kuma inda suka ɓata min rai sosai, kuma irinsu suna da yawa a yankin, abin da zan faɗa zai yi muku amfani ko da wa kuka ɗauka.

Ga wanda bai san wajen ba, lardin Jaén (Hayen muke cewa) yana cikin Andalusiya, itatuwan zaitun sun haura miliyan 60 a wannan lardi kaɗai, duk inda ka waiga zaitun ne har kan tsauni, babu lardin da ya kai shi fitar da man zaitun a duniya. Gonar da nake aiki irin ta da ce, tazarar kamar mita 10 tsakanin itace da itace, wato kusan itace 100 a hekta ɗaya, kuma duk irin da ake kira Picual ne. Ana gama kaɗe 'ya'ya a Janairu ko farkon Fabrairu sai a shiga sassabe, a rage rassa don rana da iska su shiga cikin itacen. Mu duk bayan shekara biyu muke yiwa kowane ɓangare. Masu kauri mukan yanka su da injin zarto a ajiye na hura wuta lokacin sanyi, wannan ba matsala yana da masu so. Matsalar ita ce ƙananan rassa masu ganye, su nan suna ce musu ramon, wallahi in ka ga tulinsu bayan sati biyu ana sara sai ka rasa ta inda tarakta zata bi.

Shekarun baya ƙonawa muke. Mu ja rassan da hannu mu tara a fili tsakanin itatuwa mu cinna wuta, kwana da kwanaki kana cikin hayaƙi ido na ruwa, kaya duk ƙauri, in iska ta juya kuma sai wutar ta lashi itacen da ke kusa ka ga gefe guda ya babbake shekara biyu bai dawo daidai ba. Ga takardar izini in gonarka na kusa da daji. A 2022 ma an yi dokar shara da ta hana ƙona ragowar amfanin gona, manoma suka yi ta ƙorafi har aka sassauta wa ƙananan gonaki a ƙarshen shekarar, amma kowa ya gane inda aka dosa. Ni dai ko ba doka bana son wannan wuta, na taɓa ganin abokin aikinmu ya ƙone a hannu.

Kuma ba a barinsu a zube haka nan. Akwai wani ɗan ƙwaro da suke kira barreniyo, ƙarami ne ƙwarai, yana huda itacen da aka sare yayi ƙwai a ciki, in 'ya'yan suka fito sai su hau itatuwa masu rai su huda sabbin tsiron da zasu yi 'ya'ya. Shi yasa doka a nan tace daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba duk itacen zaitun da aka sare sai ya kasance a rufe ruf inda ƙwaron bazai fita ba, in ba haka ba tara ce. To ka riƙe wannan ranar ta 1 ga Mayu, don ita ce ta sa naji haushin mutanen nan.

Wani zai ce me yasa baku niƙa kun bari a ƙasa ba kamar yadda maƙwabta ke yi? Tambaya ce mai kyau kuma gaskiya galibin manoma haka suke yanzu, ɓarɓashin yana rufe ƙasa ya riƙe danshi ya hana ruwan sama zaizaye gangara, tun 2023 ma akwai tallafin Tarayyar Turai ga wanda ya shimfiɗa niƙaƙƙen rassa a gonarsa. Mu ma a ɓangaren tudu haka muke yi. Amma ɓangaren kwari inda muke ban ruwa akwai cutar nan da suke cewa bertisilosis, wani naman gwari ne da ke zaune a ƙasa yana toshe jijiyoyin itace sai ka ga reshe ya bushe lokaci guda, kuma Picual bashi da juriyarta ko kaɗan. Ganyen itace mai cutar yana ɗauke da ita, in ka niƙa ka watsa ka raba wa masu lafiya kenan. Don haka maigida yace na kwari a fitar dasu daga gonar gaba ɗaya.

Yanzu aikin kansa. Kafin su zo sai da wani saurayi daga wajensu ya zo ya zaga gonar, kuma nan na fara ganin sun san sana'arsu. Ya nuna mana yadda zamu jera rassan a tsakiyar layi, kunya guda doguwa, kada faɗinta ya wuce bakin injin, kada a sa wanda ya fi kaurin damtsen hannu, sannan ya maimaita har sau uku cewa kar a haɗo da ƙasa da duwatsu. Na tambaye shi ƙasa kuma me zata yi, ba ƙonawa za'a yi ba? Yace ƙasa bata ci da wuta, toka take ƙarawa, in ta narke a cikin tukunyar tashar sai ta daskare ta manne kamar dutse, su can suna ɗiban samfur daga kowace mota su auna danshi su duba datti, in yayi yawa su rage kuɗi ko su maido da motar. Dutse kuma yana karya haƙoran injin. Wannan bayanin ya sa muka bar jan rassan da tarakta muka jera da cokali mai yatsu da hannu, an sha wahala amma ya biya.

Yace kuma a barsu kamar sati uku zuwa huɗu su sha iska. Ɗanyen reshe kusan rabinsa ruwa ne, in ka niƙa shi ɗanye ka tara sai tulin ya ɗau zafi ya fara ruɓa yayi fumfuna, wani lokaci har ya kama da wuta da kansa, kuma kuɗin mota zaka biya kana jigilar ruwa. In ya ɗan bushe ganye da yawa ya kaɗe ya zauna a gona. A nan ne na ɗan yi masa gardama saboda mu ganyen ne muke gudu, sai muka daidaita akan itatuwan da cutar ta bayyana a jikinsu mu ware nasu daban a fitar dasu da wuri, sauran a barsu su bushe. Ya saurare ni bai raina ni ba duk da ni ba mai gona bane, wannan na yaba masa.

Injin da suka kawo tarakta babba ce ke jansa. A gaba yana da wani abu mai haƙora da ke juyawa yana tsince rassan daga ƙasa yana turawa ciki, a ciki akwai ganga mai guduma tana juyi da gudu tana farfasa su, sai raga da bata barin gutsure ya wuce sai ya ƙanƙance, daga nan ya faɗa wani babban akwati a baya. In akwatin ya cika direba ya fita bakin hanya ya ɗaga shi sama ya juye a kwantena, babbar mota ta zo ta ɗauka. Ƙara kam ba'a magana, sai da toshin kunne, kuma kar ka kuskura ka tsaya a bayansa don yana harbo gutsattsarin itace. Amma saurin! Abin da mu huɗu muke kwana shida muna ƙonawa, yini biyu suka share shi, layi ya fito tas kamar an yi shara. Direban dattijo ne mai natsuwa, in ya hango dutse zai tsaya ya sauko ya ɗauke da hannunsa.

Ranar na ɗau bidiyo na turawa Inna ta WhatsApp, ta kira ni tace "kai yanzu itacen girki ne kuke niƙawa haka, Allah ya kyauta." Nace Inna ai wuta za'a yi dashi, tace "to da can me ake yi da itace in ba wuta ba?" Maganarta ta zauna min a rai. A garinmu wajen Zariya in aka rage wa mangwaro ko gwaiba rassa kafin la'asar mata da yara sun kwashe ƙirare, awaki sun cinye ganye, babu abin da zai kwana balle a kira shi shara. A nan kuwa gas da lantarki ake girki dasu, hannun ma'aikaci kuma tsada, shi yasa sai an kawo inji kafin reshe ya zama abin amfani. Don haka masu tambayata ko in kawo irin injin nan gida, ni ban ga amfaninsa a lambun mangwaro na hekta biyu ba, ba tashar da zata saya kuma mutane na buƙatar itacen a murhu.

Tashoshin nan dai abin sha'awa ne. Akwai a Linares, akwai ta La Loma a Villanueva del Arzobispo mai megawat 16 wadda tafi dogara da busasshen tunkuzar zaitun da ke saura bayan an tatse mai. Ana ƙona kayan a tafasa ruwa, tururi ya juya inji, wuta ta shiga layi. Ƙwallon zaitun ma ba'a yar dashi, ana farfasa shi a sayar wa masu tukunyar ɗumama gida. Itace ɗaya ya bada mai, ya bada wuta, ya bada ɗumi.

To ga inda suka ɓata. Sun ce zasu zo ƙarshen Maris basu zo ba sai bayan tsakiyar Afrilu. Kullum ka kira sai ace gobe, jibi, injin yana wata gona, an yi ruwa. Na san kowa a lokaci ɗaya yake sassabe kuma injinansu basu da yawa, amma ai sai a faɗa wa mutum gaskiya ya san abin yi, ba a barshi yana ƙirga kwanaki 1 ga Mayu na matsowa ba. Maigida mutum ne mai shekaru, har ya daina barci sosai, ya fara cewa mu nemi izinin ƙonawa kawai. Waɗanda muka ware na masu cuta da aka yi alkawarin ɗauka da wuri suma sun zauna tare da sauran, ganyensu ya zube a inda bama so, wato rabin dalilin da yasa muka kira su ya tafi a banza. Wannan yafi komai yi min ciwo.

Na biyu, sun shigo kwana biyu bayan ruwan sama ƙasar kwari bata gama shanyewa ba, tarakta da akwati cike nauyi ne ba na wasa ba, tayoyi suka bar ramuka a layi uku ƙasa ta danne, sannan suka tsinka mana tiyon ban ruwa a wuri biyu. Tiyon kam da muka nuna musu basu yi musu ba sun biya, amma ƙasar da ta danne ba kuɗi ke gyara ta ba sai lokaci.

Batun kuɗi kuma kar kowa ya ruɗe ka cewa zaka sayar da rassa ka samu riba. Mu bamu karɓi ko sisi ba, su suka ɗau kayan suka sayar wa tasha, mu kuma aka rage mana kuɗin aikin inji. Ɓarɓashin itace abu ne mai cika mota ba nauyi, in tasha tayi nisa kuɗin gas ɗin mota ya cinye komai, shi yasa suke fara tambayar gonarka ina take kuma babbar mota zata iya zuwa bakinta. In gonarka ƙarama ce ko tana kan gangara mai tsanani da ƙyar su kula ka sai dai ku haɗu da maƙwabta ku kira su rana ɗaya. Ribar da muka gani ita ce kwanakin aiki da aka rage, ba hayaƙi, ba itacen da ya babbake, ba fargabar wuta ta tsallaka gonar wani.

In da tauraro ake badawa zan basu uku da rabi cikin biyar, aikin inji da direba biyar cif, cika alkawari ɗaya. Maigida ya tambaye ni ko mu sake kiransu baɗi in zamu sare ɗaya ɓangaren kwarin, nace eh amma da sharaɗi, tun Janairu za'a yi magana a rubuta rana a takarda, a rubuta cewa baza su shiga ba sai ƙasa ta bushe, mu kuma mu naɗe tiyo gefe kafin su iso. Rassan itatuwa masu cuta kuwa bazan sake jiran kowa ba, ranar da aka sare su ranar zamu loda a tirelarmu mu fitar dasu bakin hanya mu rufe da tamfol har motar ta zo.