Hoton ciki a wani asibitin kuɗi a Gusau

A mako na 20 na cikina na biyu, ungozomar da nake awo a wajenta ta tura ni wani asibitin kuɗi a nan Gusau domin a yi mini hoton ciki, kuma abin da na gani ya sa nake ba mata 'yan'uwana shawarar zuwa.

Ma'aikaciyar ba ta yi gaggawa ba. Bayan ta shafa mini man nan mai sanyi a mara, sai ta juyo da allon wajena, ta ce, "Hajiya, ga ƙashin bayansa nan jere kamar carbi." Ta auna zagayen kai da tsawon ƙashin cinya, ta ƙiyasta nauyinsa a kan giram 300, sannan ta nuna mini inda mabiyiya ta zauna da yadda cibiya ke kai masa abinci da iska daga jinina. Da ta kunna sauti na ji bugun zuciyarsa, wajen 140 a minti, hawaye suka zubo mini. Ta ce zuciyar tana bugawa tun wajen mako na 6, lokacin da tayin bai wuce girman ƙwayar dawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowace mai ciki ta yi wannan hoto sau ɗaya kafin mako na 24, kuma a ganina kuɗinsa ya biya. Ƙorafina ɗaya ne: benci biyu kacal ne a ɗakin jira, har masu tsohon ciki na tsayuwa a rana.