Kabad ɗin kicin ruwan ƙasa: abin da na gani bayan shekara ɗaya da rabi

Duk wadda ta shigo gidana sai ta leƙa kicin ta tambaye ni ya nake ji da kabad ɗin nan, kuma wai kalar ba ta sa ɗakin duhu ba? To yanzu dai ya ga hunturu biyu da damina ɗaya da azumi biyu, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, ko wata za ta amfana kafin ta zuba kuɗinta.

Da farko fari nake so wallahi, irin mai ƙyallin nan da ake gani a hotuna. Hajiyarmu ce ta taka min birki, ta ce ke 'yar nan gidan da ake miyar manja kullum da suyar ƙosai ina ke ina farin kabad, za ki ƙare rayuwarki da tsumma a hannu. Na ji maganarta na zaɓi ruwan ƙasa mai ɗan duhu, kusan kalar makuba, mai zanen jijiyar itace a jiki, kuma wanda ba ya sheƙi. Ni da Abban yara muka je 'Yan Katako na Na'ibawa a nan Kano muka ga falankin da idonmu, tayil da sinki da famfo kuma a Ƙofar Ruwa muka saya.

Maganar Hajiya ta fito. Manja in ya fantsama ba ya nunawa ko kaɗan, haka shatin hannun yara, haka hayaƙin suya da ke mayar da farin abu ya koma rawaya-rawaya a hankali. A azumi kicin ɗin nan ba ya hutawa daga la'asar har sahur, amma ko sau ɗaya ban tsaya ina dirzar murfi ba, tsumma mai ɗan danshi da ɗigon sabulun wanke-wanke shikenan. Sai dai fa ki kula, rashin nunawar ba yana nufin babu dattin ba, maiƙo na nan yana taruwa musamman murafen da ke saman gas, in kin shafa hannu za ki ji yana danƙo, don haka duk Asabar sai na bi su.

Abin da babu wanda ya faɗa min shi ne ƙurar hunturu. Ƙurar nan fara ce, mai laushi kamar garin alkama, kuma a kan abu mai duhu ta fi fitowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu in na goge da safe kafin azahar kin ga ta sake kwanciya a gefen murafe da kan mariƙi, har rubutu ƙaramar 'yata take yi da yatsa a jikin durowar ƙasa. Hunturu na biyu na sa aka ƙara raga mai ƙananan ido a taga aka toshe ƙasan ƙofar baya da roba, ya ragu sosai amma bai ɗauke ba. Da na ɗauki mai sheƙi da abin ya fi haka muni don shi har shatin tsumma yake nunawa.

Sai maganar duhu, wadda ita ce tambayar kowa. Eh, ruwan ƙasa yana shanye haske, gaskiya ce. Ranar da aka gama kafawa na shiga da magariba gabana ya faɗi, kicin ɗin ya tsuke ya koma kamar sito, don a lokacin bangon fentin ruwan toka ne kuma ƙwan fitila ɗaya ne tal a tsakiyar silin. Ba kabad ɗin ne da laifi ba, abin da ke kewaye da shi ne. Muka sauya fenti zuwa ruwan madara, tayil ɗin da ke tsakanin kabad na sama da na ƙasa muka sa fari mara zane, labulen tagar mai kauri na cire shi gaba ɗaya. Sannan aka liƙa siririyar fitilar LED a ƙarƙashin kabad na sama, ita ce ta gyara komai, don da in na tsaya yankan albasa inuwata ce ke rufe min katakon yanka. Ki duba lambar da ke jikin kwalin fitila, 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi-shuɗi kuma yana kashe kyan ruwan ƙasa ya mayar da shi kamar toka, 3000K kuma ja-ja ne sai kicin ya yi kamar ana kunna aci-bal-bal, ni 4000K na tsaya a kai. Na haɗa ta da layin sola saboda in an ɗauke wuta.

Yanzu inda ya ƙona min rai. Ƙasan sinki. Kafintan ya yi aiki mai kyau ba zan ci haƙƙinsa ba, murafe sun zauna daidai, durowa na shiga na fita lafiya, amma duka da MDF ya yi har wajen ruwa, ni kuma a lokacin ban san bambanci ba. MDF garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, in ruwa ya shige shi kumbura yake kamar burodin da aka tsoma a shayi kuma ba ya komawa. Bututun ƙasan sinkin ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan ba mu sani ba, sai a watan Agusta na buɗe zan ɗauko omo na ji wari, na ga gindin ya tashi ya yi ɓawo, gefen ya ɓare, kyankyasai sun samu gida. Na kira kafintan na ce Malam ya haka? Ya ce Hajiya ai da kin ce a sa marin bod a nan, ya fi tsada ne shi ya sa. To ai da ka faɗa min! Shi marin bod ɗin falle-fallen katako ne aka haɗa da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. An cire an sauya, aka ɗora shi a kan ƙafafu ya tashi daga ƙasa kamar santimita 10 yadda ruwan mofa ba zai taɓa shi ba, kuma ina iya zura tsintsiya. Kuɗi biyu na kashe a waje ɗaya. Dan Allah ki tambayi kafintanki da bakinki wane katako zai sa a wajen sinki, kuma mai kaurin milimita 18 ne ko ƙasa da haka, kar ki bari sai an gama.

Saman tebur giranayit na sa mai haske da ɗigo-ɗigon baƙi, ban sa mabul ba don lemon tsami da tsamiya suna cin fuskarsa, manja kuma yana shiga jikinsa.

Kwalliya kuwa a nan na fi jin daɗin kalar nan, don kayanmu na gargajiya suna hawa da ita kamar don su aka yi. Na je Kasuwar Kurmi na sayo faifai uku masu ja da kore na rataye a bangon da babu kabad, ga ƙwarya mai zane da ludayi, ga akushin kakata da ya daɗe a cikin kwali yanzu yana kan kanta a fili. Muciya da maburgi da koshiya na tsaya da su a cikin wata 'yar tukunyar ƙasa kusa da gas. Robobin da nake zuba kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji a Ƙofar Wambai na saye su, farare masu nuna ciki duka iri ɗaya, don na gwada masu kala-kala sai wajen ya hargitse ido ya rasa inda zai sauka. Kuloli da tangaran na aure na bar su cikin kabad mai gilashi guda ɗaya, sauran duk a rufe. Mariƙan da farko ruwan gwal ne, cikin wata shida suka fara koɗewa inda hannu ke yawan taɓawa, na mayar da su baƙaƙe.

Ƙanwata za ta tare bayan babbar salla kuma ita ma ruwan ƙasa ta ce tana so, amma kicin ɗinta taga ɗaya ce ƙarama kuma tana kallon katangar maƙwabta. Na ce mata ta yi na ƙasa ruwan ƙasa, na sama ruwan madara, ranar Asabar ni zan raka ta Na'ibawa mu zaɓi falankin.