Wata takwas da akawun da ban taɓa gani ido da ido ba

Ta hannun wani kamfanin dillancin ma'aikata na intanet na ɗauki akawu, wata mata a ƙasar Filifin. Gaskiya na samu sauƙi, sai dai ba a albashi kaɗai ba. Babu hayar ofis, babu sayen tebur da kwamfuta. Kamfanin ne ya ɗauke ta aiki a hukumance can ƙasarsu, shi ke kula da haraji da inshorar lafiyarta, ni dai biya nake duk wata.

Inda gizo ke saƙar shi ne ladansu. Ba su fito da shi fili ba sai a takardar biya ta biyu, ga kuɗin canji da banki ke yanka. Da na lissafa, ribar da na hango ta zabge sosai.

Sai bambancin lokaci, awa bakwai cur. In na tura tambaya da rana, tana barci, amsa sai gobe. (Ni ma na koyi rubuta umarni dalla-dalla, abin da da ban iya ba.)

Aikinta kam tsaf, ban taɓa kama kuskure ba. Na sabunta kwantiragin, amma mai karɓar baƙi a kusa zan nemo.