Hattara da masu "plasma sabuwa dal" a Yamai

Jama'ar Yamai, musamman iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki, da magidantan da suka daɗe suna tari don su sauke tsohuwar tele mai ƙusumbi su kafa ta bango, wannan saƙon naku ne. Gyaran talabijin ne sana'ata, kuma abin da ake kawo mini a ƴan watannin nan kusan iri ɗaya ne: tele mai ƙyalli, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba, murya na fita, hoto babu. Da na ji labarin masu su sai na gane ba tsautsayi ba ne, shiri ne.

Tallar a Facebook take farawa ko a gurup na WhatsApp. Hoton kwalaye jere, an rubuta inci 55, 4K, garanti shekara guda, a kai maka har gida a kafa kyauta, farashin kuma ƙasa da na Babbar Kasuwa nesa ba kusa ba. In ka tambayi dalilin araha, amsa a shirye take: kayan gwanjon duwan ne, ko kuwa kwantena ce ta daɗe a hanyar Lome mai ita yana neman kuɗinsa da gaggawa. Ƙaryar tana shiga ne don ta jingina da gaskiya, kowa ya san tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ke zagayowa ta Togo da Burkina Faso. Wasu a nan suke gamawa da kai: "Alhaji, saura biyu kacal, turo abansi jika 20 in ajiye maka." Ka tura, lambar ta mutu. Waɗannan ƙananan ɓarayi ne, ba su ne suka sa ni rubutu ba.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu kawo kaya da gaske. Za su kira ka wani shago ko gareji, su kunna maka tele mai kyau, hoto tas. Ka biya. Sai a ce yaro zai kawo maka wadda ke cikin kwali, "ba a taɓa buɗewa ba", da yamma. Wadda ta iso gidanka ba ita ka gani ba. Tsohuwa ce da aka wanke, aka sake mata leda da na'urar busa zafi, aka manna tambarin babban kamfani a goshinta. Yaron da ya kawo shi ne zai kafa, shi ne zai kwashe kwalin wai zai taimaka maka da shara, kuma kwalin nan gobe wata telen za a saka a ciki.

Bayan sati biyu ko uku allo ya yi duhu. Ka kira, a amsa maka cikin ladabi: "Ayya Hajiya, ba a ɗauke wuta a kartiyenku ba? To ai kuran ne ya ƙone ta, garanti kuma bai shafi kuran ba." Wane ne a Yamai zai rantse ba a ɗauke wuta a unguwarsu ba, balle a watan Afrilu da Mayu? Nan ne duk dabarar take. Mutum ya yi shiru, ya ce ƙaddara ce, har ya ba ɓarawon haƙuri don ya dame shi. Na ga wata baiwar Allah daga wajen Talladje da ta sayi irin wannan don ɗakin ƴarta, tana ta zagin wuta, ni kuwa ina kallon cikin telen ina ganin dalma tsohuwa da sabuwa a kan layin fitilun da ke bayan allo.

To ku ji daga bakin mai buɗe su. In wuta ta dawo da ƙarfi ta yi ɓarna, galibi sashen da ke karɓar wuta a cikin telen take bugawa: fis ya tsinke, wani abu ya ƙone, tele ta ƙi tashi gaba ɗaya, wani lokaci har da ƙauri. Amma in murya na fita, kuma ka haska tocila a jikin allon ka hango hoto dishi-dishi, fitilun bayan allon ne suka mutu. Fitilun nan tsufa ke kashe su. Abin da macutan ke yi, su tsallake matacciyar da ɗan guntun waya, sauran su ci gaba da ci na ɗan lokaci, daidai gwargwadon da kuɗinka zai narke a aljihunsu.

Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya sani. Mu duk tele mai faɗi plasma muke ce mata, amma plasma ta ainihi an daina ƙera ta: Panasonic, Samsung da LG duk sun rufe wannan layi a 2014. Saboda haka wanda ya rantse maka tasa "plasma ce orijinal, sabuwa", ko dai LED ce, wato mai fitilu a bayan allo, bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa kaya ne da ya haura shekara goma. Ta ainihin tana da nauyi, gabanta gilashi ne, tana zafi, tana shan wuta ninki biyu ko fiye na LED mai girmanta, kuma sau da yawa za ka ga inuwar tambarin wata tashar Turai ta zauna daram a kusurwar allo. Mai kwantar kati zai ji a jikinsa. Ni ban ƙi na hannu ba, a Katako akwai masu sayar da na hannu da sunan na hannu, ka taya su sallama, kowa ya san abin da ya saya. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai sa wa tsohuwa lalle ya karɓi sadakin budurwa.

Girman ma ana cuta a ciki. Ka tafi da mitar tela. Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ban da baƙin firam: inci 32 wajen santimita 81 ne, inci 43 wajen 109, inci 55 wajen 140. Na sha auna "55" ta tsaya a 127, wato inci 50. Haka 4K: na gaske ɗigo 3840 ne a 2160, amma sitika kowa na iya bugawa. Sannan ka kula da abin da ke fitowa in an kunna. Samsung mai intanet da tsarin Tizen take aiki, LG da webOS. In tambari ya ce ɗayansu, ciki kuma ya buɗe maka wani Android mara suna, an gama magana.

Kada ka biya sai a kan telen da za ta kwana gidanka. A buɗe kwalin a gabanka, a kunna ta, a bar ta ta yi zafi kuna hira. Ka sa a kile ɗinka na USB hoto fari fat da baƙi ƙirin da ja, su ne ke tona tabo da layi da wuraren da haske ya raunana, abin da wasan ƙwallo mai motsi ke ɓoyewa. Ka juya bayanta ka dubi kan sukurori, in sun goge an taɓa buɗe ta. Lambar siriyal da ke bayanta ta zo daidai da ta kwali da wadda ke cikin menu, kuma a rubuta ta a kan faktir mai hatimi da sunan shago da ranar saye. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara "haba yaya, ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce ka yarda, amma a rubuta. Daga nan ka sa ta a taksi da kanka, a tsaye, kada a kwantar da ita, kwalin kuma ka adana.

Wajen kafawa ka kira naka mutum. Dogon sukuri a bayan tele yana iya huda allon ciki, bangon laka kuma ba ya riƙe ƙarfen rataya yadda bulon siminti ke riƙewa. Regilatar kuwa ka saya tun ranar farko, don wutar tamu da gaske tana ɓarna, kuma don ka toshe wa macutan ƙofar fakewa da kuran.

Kasuwarsu ta fi ci gab da babbar salla, da lokacin bukukuwan aure, da ƙarshen shekara in gasar kokowa ta takobi ta matso kowa na son ya kalla a babban allo. Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta hana shi magana. Ka ɗauki hoton tallar kafin su goge, da hirarku ta WhatsApp, da takardar tura kuɗi, ka kai kwamisariyar unguwarku ko wajen ƴan sandan bincike. Nijar na da dokar laifuffukan intanet tun 2019. Kuma kafin ka je, kada ka bari kowa ya taɓa cikin telen da sunan gyara. A buɗe ta gaban hukuma, tsohuwar dalmar da ke ciki ita ce shaidarka.