C2C12, L6 ko Ƙwayoyin da Aka Ciro Daga Tsoka: Wanne Za Ka Saya?

Duk mai son nazarin yadda ƙwayoyin halitta ke haɗewa su zama zaren tsoka, sai ya fara zaɓar irin da zai raina a ɗakin gwaji. Ni dai irin ƙwayoyin da ake kira C2C12 nake cewa sabon shiga ya saya.

Daga tsokar ƙaramin nau'in ɓera (mouse) ta fito. Masu bincike Yaffe da Saxel ne suka samar da uwarta, C2, a 1977 a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, daga baya ɗakin gwajin Helen Blau a Stanford ya tace C2C12 daga cikinta. Ba ta da tsirfa ko kaɗan. Ka ba ta DMEM, ruwan abincin da ake renon ƙwayoyi a ciki, da ruwan jinin ɗan tayin saniya kashi 10 cikin ɗari, ta yi ta yaɗuwa. Da ka sauya mata zuwa ruwan jinin doki kashi 2, sai ta daina rabuwa, myogenin, furotin da ke sa ta rikiɗa zuwa tsoka, ya tashi. Cikin kwana 3 zuwa 5 za ka leƙa madubin ƙara girma ka ga dogayen zarurruka, kowanne da cibiyoyin ƙwaya (nucleus) da yawa a cikinsa. Wasu har ɗan motsi suke yi. Sharaɗinta ɗaya: kada ka bari ta cika faranti, ka raba ta tun tana kashi 70.

L6 ta babban nau'in ɓera (rat) ce, ta fi dacewa da masu nazarin insulin da shigar sukari cikin tsoka. Ƙwayoyin da ake cirowa kai tsaye daga tsoka sun fi kama da abin da ke jiki, amma ba sa daɗewa, wasu ƙwayoyin da ba na tsoka ba, fibroblast, kuma kan mamaye su.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen saye. Wani zai miƙo maka ƴar kwalba daskararriya, an rubuta C2C12 da alƙalami, babu lambar sau nawa aka raba ta. An taɓa turo mini irinta, na zuba ruwan jinin doki na jira, ko zare ɗaya bai fito ba: an raba ta har ta tsufa. Ka saya daga ma'ajiyar ƙwayoyi ta ATCC a Amurka, inda lambarta take CRL-1772, ko daga takwararta ECACC a Birtaniya, ka karɓi takardar shaida. Ko da ta zo da takarda, ka yi mata gwajin ƙwayar cutar maikoplasma ta hanyar PCR, mai gano DNA ɗin cutar, kafin ta kusanci sauran ƙwayoyinka, domin wannan cuta ba ta gurɓata launin ruwan, sai dai ta lalata sakamako a ɓoye. Ruwan jinin dokin ma kowane rukuni da halinsa. Ka nemi samfuri ka gwada, in ya yi, ka sayi wanda zai ishe ka har ƙarshen aikin daga rukunin nan ɗaya.